Zinaren da Kashim ya ƙi sayarwa

Shekara bakwai ƙanena Kashim yana cinikin zinare a waya, zinaren da bai taɓa riƙewa a hannu ba. Ni Amsa, gero da gyaɗa nake sayarwa a Makoda, abin da ake aunawa a kwano, shi ya sa da farko dariya nake masa. Amma gaskiya ya iya. Da ɗan asusunsa na kansa ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya sayi babur. Dabarar kuwa ta Baba ce: in ka sayi hatsi da kaka farashi ya faɗi, ba ka sayarwa, ka bar shi a rumbu sai damina. In zinare ya faɗi, Kashim kifa wayar yake ya tafi gona.

Sai ga abokinsa Nabil ya dawo daga Kano, da tabarau da turare mai hawa kai, mutumin da ko akuya bai taɓa sayarwa da riba ba. A rumfata ya zauna yana cin gyaɗata yana wa'azi.

Ya ce wa Kashim, "Gwani irinka yana wasa da canji? Akwai kamfanin da zai ba ka jari ninki ɗari na naka. Kuɗin jarrabawa kawai za ka biya, su buɗe maka asusu ka yi ciniki su gani. In ka ci, riba kashi tamanin naka ne."

Na ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ya faɗi jarrabawar fa?"

Nabil ya ce, "Hajiya, wannan ba harkar kwano ba ce."

Na tsani maganar nan, na kuma tsani yadda Kashim bai tare mini ba. Kafin sati ya kwashe asusun nan kaf, gumin shekara bakwai, ya biya kuɗin babbar jarrabawa. Ƙaramar wai ta 'yan koyo ce. Sharuɗɗan kamfanin shafi goma sha biyu ne, ya karanta su kamar yadda ake karanta takardar magani. A ciki an rubuta cewa duk ranar da asara ta kai kashi biyar cikin ɗari, an rufe asusun jarrabawar, ba roƙo.

Kwana tara yana ci. Tafiyarsa ma ta canja, ya fara ce wa rumfata "ƙaramar harka".

Ranar Laraba da azahar zinare ya faɗi. Yana zaune a bencina. Na ga fuskarsa, na ce, "Sayar, Kashim. Kayan aro ba ya rufe katara."

Ya ce, "Yaya, ni za a koya wa zinare? Zai dawo."

Ya kifa wayar, ya hau babur ya tafi duba dawarsa, kamar asusun nasa ne na kansa. Bayan la'asar ya dawo, ya wanke ƙafa, ya buɗe wayar. Zinare ya dawo, har ya wuce inda ya saya. Ya miƙo mini yana murmushi don in ji kunya.

Ni na fara ganin jan rubutun da ke sama. Tun ƙarfe uku da kwata kamfanin ya rufe asusun. Sun gode masa da ƙoƙarinsa, sun kuma yi masa ragin kashi ashirin in yana son sake jarrabawa. Ko ɓarawo ba ya tsayawa godiya.

Na mayar masa da wayar. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya kira Nabil, wayar a kashe. Na so in yi masa gorin da na tanada kwana tara, amma na fasa.

Ya daɗe yana kallon farashin yana ta hawa. Can ya ce, a hankali, "Yaya, ai na ce zai dawo."

Na ce, "Ya dawo, Kashim. Sai dai ba wurinka ba."