Kakin da Na Liƙa wa Famfo

Famfon ya fara ɗiga ne ran Litinin, kwana ɗaya bayan surukina ya sauka gari da motar. Sai Juma'a zai dawo. Ya bar mu a kan tudu can sama da garin At-Bashi, ni da matata Jipar, da akwatin zuma arba'in, da tsohon ɗakinmu mai taya wanda ya jawo da motar ya ajiye taku ɗari uku daga akwatunan.

Nisan nan yana da dalili. Jipar 'yar mai zuma ce, amma jininta bai haɗu da ƙudan zuma ba. Tana da shekara goma sha huɗu guda ɗaya ya harbe ta a wuya, maƙogwaronta ya kumbura, da ƙyar aka kai ta asibiti da rai. Duk da haka ta ce sai ta biyo ni. Ta san halina. Na bar makaranta a aji tara, na wanke motoci a Bishkek, na yi dako a kasuwa, na je Rasha na dawo ko wata uku ban cika ba. Ta ce in aka bar ni ni kaɗai a kan dutse, kafin sati zan kama gabana. Ni kuma na rantse mata ƙuda ko ɗaya ba zai leƙo ɗakin ba.

Tankin ruwanmu a kan rufin ɗakin yake, bututu ɗaya ya sauko kai tsaye zuwa famfon da ke kan kwanon wanke-wanke. Rafin kusa ya ƙafe tun farkon Agusta, ruwan tankin nan shi ne zai kai mu Juma'a. Jipar ta tara kofi, kafin mu gama shan shayi ya cika. Na ɗauko filaya na matse kan famfon da ƙarfi, ɗigar ta ƙaru.

Mu masu zuma komai da kaki muke toshewa, tsagar akwati, bakin kwalba, har haƙori mai kogo. Na je na yanko saƙa ɗaya, ban tsaya tace zumar da ke ciki ba, na narka ta a tukunya na lafta wa famfon. Ɗigar ta tsaya. Na yi ta cika baki har Jipar ta ce in yi mata shiru.

Washegari rana ta buɗe, tankin ya ɗau zafi, kakin ya yi laushi. Ina can wajen akwatuna ruwan ya sake samun hanya, ya bi ta cikin zumar, ya gangara bututun da ke zubar da ruwa a ƙarƙashin ɗakin. Furanni sun ƙare kwana goma da suka wuce. Akwati arba'in na cikin yunwa da ƙishi, ni kuma na ajiye musu ruwa mai zaƙi a ƙarƙashin ƙafar matata.

Da azahar na taho, tun daga nesa na hango ƙasan ɗakin ya yi baƙi da ƙudan zuma. Na jefar da abin da ke hannuna na ruga. Sun rufe tayoyi, sun rufe ragar taga, wasu na bin tsagar katakon daɓe suna neman hanya.

Na buga ƙofa. Muryarta ta fito daga ƙarƙashin bargo. Ta ce biyar sun riga sun shigo, ta cusa safa a ramin kwanon amma suna ɓullowa ta ƙasa. Na ce ta riƙe allurarta a hannu, wadda likita ya ba ta saboda irin wannan rana. Ta kira sunana.

"Ermek, tana cikin motar babana. A aljihun gaba na sa ta da za mu hau."

Na laluba wayata a aljihu. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau wancan dutsen, tafiyar awa biyu. Ko na samu surukina, kafin ya iso an yi magariba.

Ina tsaye ina zagaya ɗakin kamar mahaukaci sai ga Baba Toktosun, tsohon da ke da akwatuna a bayan tudu. Ya ce ya ga ƙudansa duk sun miƙo nan, shi ya sa ya biyo su. Ya ɗaure dokinsa can nesa don ba sa son warin gumin doki. Ya durƙusa, ya dangwali jiƙaƙƙiyar ƙasar ya lasa.

"Kai ɗan nan, walima ka haɗa musu ba ka gayyace ni ba? Wane jakin ne ya koya maka gyaran famfo?"

Na gaya masa Jipar na ciki. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya san labarinta tun tana yarinya. Na ce bari in shiga in tsayar da ɗigar. Ya ce ko na tsayar yanzu, sun riga sun haddace wurin, kwana uku za su yi suna dawowa. Na ce to mu jira magariba su koma. Ya nuna mini tsagar daɓen, inda suke shiga ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ita za a fitar, kuma yanzu.

Rigar aiki mai ragar fuska guda ɗaya ce, tana jikina. Tsohon ya cika gwangwanin hayaƙi da busasshen kashin doki ya turnuƙe bakin ƙofa, na faɗa ciki na rufe. Ɗakin kamar tanda. Na tuɓe rigar, na kakkaɓe ta, na zura mata ta ƙarƙashin bargon. Na ja mata zip. Na ɗaure mata wuyan hannu da na ƙafa da igiya. Ni daga ni sai singileti.

"Kada ki yi gudu, 'yata," in ji tsohon daga waje. "Tafiyar amarya za ki yi. Mijinki ya sha harbin, shi ya dafa."

Muka fito. Ita a tsakiya, shi a gaba da hayaƙi, ni a baya. Na farko ya same ni a kunne, na biyu a leɓe, daga nan na daina ƙirgawa. Ban kai wa ko ɗaya duka ba, don in ka murƙushe ɗaya warinsa ke kiran sauran.

Mun kusa isa wurin dokin ta tsaya cak.

"Akwai wani a ciki. Yana tafiya a bayana."

Ban san lokacin da ya shige ba, wataƙila da nake kakkaɓewa ya maƙale a ɗinki. Na ce kada ta motsa, ko numfashi ta yi a hankali. Na ja zip ɗin kaɗan kaɗan, na zame rigar daga kafaɗarta. Ga shi nan a kan 'yar shimin da ke jikinta, yana hawa, saura yatsa biyu ya kai fatar wuya. Na kifa tafina a kansa na dunƙule. Ya zuba mini ƙarinsa a tsakiyar hannu, ban taɓa jin daɗin harbi irin wannan ba.

Baba Toktosun ya ɗora ta a kan dokin, ya ce za ta zauna wurin matarsa har motar ta dawo. Kafin su tafi ya cire takalminsa na roba, ya yanko ɗan zobe daga bakin takalmin da wuƙa, ya miƙo mini tare da sifana, ya ce in sa a famfon. Na dubi Jipar a kan dokin. Kuka take, ragar fuskar ta manne mata a kumatu.

Na koma ɗakin da ido ɗaya a rufe. Na kankare kakin, na kwance kan famfon, ruwa ya yi ta feshi a ƙirjina ina toshewa da babban yatsa. Tsohuwar robar ta ciki ta tsage gida biyu, ashe ni na ƙarasa ta da filaya. Sau uku sabuwar na suɓucewa daga kumburarren hannuna kafin ta zauna. Na ɗaure, na tara kofi, na zauna a ƙasa ina kallonsa. Har rana ta karkata babu abin da ya faɗa ciki.