Kunnen Aro

Shekara ashirin da biyu Mai Kunne yana cusa kansa a but ɗin motocin mutane, yana haɗa manyan sifikun bas, masu sauti mai kauri, da amfilifaya mai ƙara musu ƙarfi. Ba a banza laƙabin ya bi shi ba. Ɗaura jar waya da baƙa kowa ya iya, amma wurin murɗa maɓallin ƙarfi ake gane gwani: a yi ta ƙarawa har sauti ya fara tsagewa, sannan a ja baya kaɗan. Wanda ya zarce nan ya ƙona sifikar mutane.

Abin da 'yan layin ba su sani ba, kunnen ya mutu shekara uku ke nan. Ƙarar da ta ciyar da shi ita ta cinye shi. Ya koma karanta leɓe, in ya ga ana dariya ya yi dariya, cikinsa kuwa fal tsoro, don ranar da aka gane, ranar zai rufe shago.

Matarsa ce ta rufa masa asiri. Ta dawo da keken ɗinkinta bakin shagon, taku uku daga inda motoci ke tsayawa. In yana murɗawa sai ya riƙa satar kallonta. Da sauti ya fara tsagewa sai ta taɓa ɗankunnenta, shi kuma ya ja baya, ya gyaɗa kai kamar mai ji. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai ga furfura amma ya kasa ɗauke ido daga kan mace.

Wata safiya wani mai sayar da taya ya kawo motarsa da sifiku biyu sababbi dal.

"Oga, so nake in na shigo layi tagogi su yi rawa," in ji shi.

Mai Kunne ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, irin haɗin da ke tatsar wuta sosai, ba ya kuma yafe ganganci. Ya sa kiɗa, ya fara murɗawa. Mai taya na tsaye a gefe, ya ba keken ɗinki baya.

Mai Kunne ya kalli matarsa. Hannunta na kan yadi. Ya ƙara. Bas na dukan ƙirjinsa, ita ko motsi. Ya sake ƙarawa, sai hancinsa ya gaya masa abin da kunne ya kasa: ƙaurin waya, ga hayaƙi na fita daga akwatin sifikun.

Mai taya ya fizgo kafaɗarsa. "Tun ɗazu nake ihu ka rage! Kurma ne kai?"

Wannan kalmar ya karanta ta sarai, layin duka kuma ya ji ta.

Da taro ya watse ya nufo matarsa a fusace. "Me na yi miki da za ki tona mini asiri?"

Ta zuba wa bakinsa ido, irin kallon da shi ke yi wa bakin mutane. 

"Baban yara, wallahi ban ji ba," ta ce, hawaye na zuba. "Wata huɗu ke nan fuskar masu mota nake kallo, in sun yamutse in taɓa. Wannan kuwa baya ya ba ni."

Ya dubi keken, ya dubi wurin tsayawar motoci. Taku uku, kullum, shekara uku tana shan wannan ƙara. Shi da kansa ya zaɓa mata wurin, don ta fi ji da kyau.

Ta juya tana naɗe yadinta. Daga bayanta ya ce, "Ki yafe mini." Ya sake faɗa da ƙarfi, har mai shagon gefe ya leƙo. Ita dai ba ta waiwayo ba.