Ajamin da Ya Juya a Kwamfutar Kawu

Radiya ce ta rubuta wa kawunta, Malam Sharfaddeen, 'yar manhajar da zai riƙa shigar da sunayen tsofaffin littattafan gidansu na unguwar Kwarbai a Zariya, da boko da ajami. Ba ta yi mata ado ba, a taminal take aiki, baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni a kai. A tata kwamfutar komai ya fito tsaf, sai ta ɗora masa a tasa ta koma Kaduna wurin aiki.

Sau uku yana kiranta. Ya ce ajamin yana fitowa a warwatse, daga hagu zuwa dama, ƙ da ɗ kuma sun zama 'yan akwatuna. Kira na ukun ya same ta a gidan suna, ta buɗe muryar wayar 'yan uwa na ji.

"Kawu, ni a tawa lafiya lau take. Anya ba tabarau ba ne?"

Aka yi dariya. Ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Bai sake kira ba.

Sai bayan mako shida ta zo Zariya, ranar wata Asabar da hantsi. Tun a tsakar gida matar kawun, Hajiya Batul, ta ce mata ai Malam har asibitin ido ya je aka sake masa gilashi. Radiya ta wuce ciki.

Ta same shi a ɗakin littattafai. Ya juyo mata da allon yana murmushi.

"Na samo dabara. Duba."

Ajamin ya jeru daidai. Amma da ta kwafi fayil ɗin ta buɗe a kwamfutarta, sai ta ga kowane suna a juye. Ashe daga harafin ƙarshe yake farawa ya dawo na farko, don rubutun ya fito masa daidai. Littafi ɗari huɗu da goma sha biyu, duk haka ya yi su.

Ta duba abin da ya kamata ta duba tun ranar farko. Linux ɗin da ke kan tasa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya girmi nata da shekara takwas, taminal ɗinsa bai san rubutun dama zuwa hagu ba, kuma babu haruffan Hausa a ciki. Akwatunan, minti goma ta gyara su. Juyewar kuwa sai da ta gwada taminal biyu kafin na uku ya yi. Ta rubuta umarnin da zai mayar da sunayen yadda suke, sai wasullan suka faɗa kan haruffan da ba nasu ba. Dole a sake da hannu.

"Kawu," ta ce, idonta a ƙasa, "abin da ka faɗa gaskiya ne. Ban gwada a irin taka ba. Kuma na yi maka rashin kunya a gaban mutane."

Ya nuna allon da yatsa.

"Wato duk wanda na yi bai yi ba?"

"Bai yi ba, Kawu."

Ya ja numfashi, ya miƙa hannu ya ɗauko littafin farko daga kantar littattafan, ya kwance igiyar fatar da aka ɗaure shi da ita.

"Zan karanta, ke ki buga."

Har aka kira azahar talatin da bakwai kawai suka yi. Da ya fita masallaci, ta kira ofis ta ce ba za ta samu zuwa ranar Litinin ba.