Na'urar Aro a Ƙugun Baba

Shekara huɗu na yi ina karatun injiniyan kiyaye lafiya da muhalli a aikin haƙar ma'adinai. Na haddace dokoki, na ci jarrabawa, na san yawan iskar da rami yake bukata. Amma har na kai aikin kammala karatu babu malamin da ya taɓa koya mini yadda ake aiki da ubana.

Baba mai huda dutse ne a mahaƙar da ke bayan garinmu, shekara ashirin da shida ke nan. A sashensu akwai famfon da ke fesa ruwa a bakin injin don ƙura ta kwanta. Ya lalace tun bara, kuma duk wanda ya yi magana sai ofis ya ce ya kawo shaida. Ni kuwa shaidata tana ɗakin da ke jikin nawa, domin kullum da safe tarin Baba ne yake tashe ni kafin agogo. Sai dai tari ba ya shiga rahoto. Abin da yake shiga shi ne awo.

Don haka na roƙi malamar ɗakin gwajinmu ta ara mini na'urar auna ƙura. Ba wata babba ba ce: ɗan inji da ake ɗaurawa a ƙugu, da siririn tiyo da ke hawa zuwa kwalar riga, da ɗan kofin roba a ƙarshensa. A cikin kofin akwai farar takarda mai tace iska. Injin yana zuƙar iskar da mutum yake shaƙa, takardar ta kama ƙurar, a auna ta a sikeli. Malama ta ba ni kwana huɗu da takarda huɗu, ta ce ranar Juma'a wani ɗalibi yana jira. Ofishin mahaƙa ya amince, amma ya ce sai in tsaya a ƙofa, ɗalibi ba ya sauka rami.

Ranar Litinin na ɗaura wa Baba na'urar da hannuna a bakin ƙofa, abokan aikinsa suna ta yi masa ba'a.

"Baba, ba abin da za ka yi mata. Ka manta tana jikinka kawai."

"An gama, Injiniya," ya ce. Haka yake kirana tun ranar da na samu gurbin karatu, rabi alfahari rabi tsokana.

Da yamma ya fito daga rami fari fat da ƙura har gashin ido, kamar an tsoma shi a buhun siminti. Na duba kwalarsa na ga wata baƙar leda, an naɗe kofin da ita an ɗaure da roba ƙulli biyu. Na kwance, na leƙa. Takardar tana nan tas yadda na sa ta da safe.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ke ba ki san ƙurar da ke ƙasan nan ba. Da na bar ta a buɗe da ta lalace. Kayan aro ne fa."

"Ƙurar nake nema! Aikinta ke nan, ta sha ƙura!"

Ya kalle ni kamar na ce masa a zuba yashi a injin mota. Ya ce tun da yake bai taɓa mayar wa mutum kayansa da datti ba, kuma ba zai fara a kan makarantar 'yarsa ba. Na yi ta bayani tun daga ƙofar mahaƙa har gida, yana gyaɗa kai, yana gaisawa da mutane a hanya.

Ranar Talata babu leda. Na yi murna, sai da na buɗe kofin na ga takardar ta ɗan yi dishi-dishi kawai, abin da ko falonmu zai fi shi ƙura. Dogo, wanda suke riƙe inji ɗaya da Baba, shi ya tona asiri yana dariya har da riƙe ciki. Wai da za a fara huda sai Baba ya cire na'urar, ya rataye ta a ƙusa a ɗakin hutawa kusa da kwanukan abinci, ya ce ta huta har ƙura ta lafa.

Na auna iskar ɗakin cin abinci ke nan, awa takwas cur. Wallahi da ba ubana ba ne da na faɗi maganar da ba ta dace ba. Na haɗiye, na ce wa Dogo don Allah gobe ya sa masa ido, idan ya taɓa ta ya kira ni.

Ranar Laraba Dogo ya kira ni da la'asar ya ce in kwantar da hankalina, na'ura ta yini a kwalar tsoho, bai ko taɓa ta ba. Darasi ya riƙe ni a makaranta, don haka na ce Baba ya tafi da ita gida yadda take. Na hau mota ina tsara rahoto a kaina, har na zaɓi kalar bangon da zan sa masa.

Ina shiga gida na hango kofin a kife a kan tire tare da kofunan shayi, yana ɗigar ruwa. Mama tana goge tiyon da tsumma.

"Sannu da dawowa. Ga abinki nan na wanke miki. Kin ga dattin da ke ciki kuwa? Sai da na sa burushi."

"Takardar fa, Mama?"

"Wace takarda? Wannan baƙin abin? Na zubar. Ai ba za ki kai wa malamanku ƙazanta ba, su ce daga wane gida kika fito."

Na tsuguna a bakin kwandon shara na tono ta daga cikin ɓawon albasa, a jiƙe, a yage. Na rasa kuka zan yi ko dariya. Gida guda, mutum biyu, kowa ya tashi tsaye ya kare ni daga aikina. Tsafta ce za ta kayar da ni jarrabawa.

Sai a lokacin na lura da Baba. Yana zaune a kujerarsa ta roba, taku uku daga wurin wanke-wanke, da rediyonsa a cinya a kashe. Mama ba ta san abin da ta wanke ba. Shi kuwa kwana uku ina cika masa kunne.

"Baba, kana zaune ta wanke?"

Ya murɗa rediyon, ya sake kashewa.

"Kana gani, ba ka hana ta ba?"

"Na leƙa ciki a hanya," ya ce a hankali. "Na ga yadda ta koma."

"To ai abin da muke so ke nan. Su gani, su gyara famfon."

"Ko su gani, su ce a duba ƙirjin tsoho, su ce ya koma gida ya zauna. Ke takarda kika sani, Injiniya. Ni mutanen na sani."

Nan fushina ya ƙwace mini. Na ce masa ashe leda da ƙusa duk ba tausayin kayan aro ba ne. Na ce takunkumin hancin da na kawo masa wata shida ke nan yana rataye a bayan ƙofa, sabo fil, shi ma ana tattalinsa kada ya yi datti. Na ce yana lallaɓa robar mutane kamar ƙwai, huhunsa kuwa da ba a aro, ba a sayarwa, ya bar shi a buɗe shekara ashirin da shida. Na ce Dogo yana da 'ya'ya ƙanana, kuma iska ɗaya suke shaƙa. Mama tana ta cewa in rage murya maƙwabta suna ji, na ce su ji, ai tarin ma suna jin sa kullum.

Baba ya buɗe baki zai ba ni amsa, tarin ya riga shi. Ya daɗe yana yi, ya dafa gwiwa, Mama ta kawo ruwa. Na ji kunyar ɗaga masa murya, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar Alhamis saura takarda ɗaya. Na ɗaura masa na'urar a bakin ƙofa ba tare da wa'azi ba, don wa'azina ya ƙare. Ban koma makaranta ba. Na zauna a bencin masu gadi na yini ina kallon motocin dutse suna shiga suna fita, ina tsara abin da zan faɗa wa malama idan na je mata hannu rabbana.

Ƙarfe huɗu suka fito. Baba ne na ƙarshe, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Babu leda. Tiyon ya yi furu-furu. Na cire kofin na ɗaga shi a rana, muka leƙa tare ta jikin robar. Takardar da na sa fara da safe ta koma kalar toka mai duhu, har ta yi kauri.

"Wannan na yini ɗaya ne?" ya tambaya.

"Na awa takwas."

"Gobe sai a sa sabuwa?"

"Kullum sabuwa ake sawa."

Ya ƙura wa kofin ido. Ya kai hannu ya shafa ƙirjinsa ta saman riga, ya bar sawun yatsu a ƙurar.

"Ni tawa ba a taɓa canzawa ba," ya ce. "Idan kin mayar musu da kayansu, ki zo ki raka ni wurin likita. Ke kika iya yarensu."

Na sunkuya ina laluben murfin kofin a jaka don kada ya ga idona. Da na rufe, sai na ga ya sa hannu a aljihu ya zaro baƙar ledar nan ta ranar Litinin, ninke tsaf, har da robarta.

"Baba, don Allah, ba za mu sake ba!"

"Kawo nan," ya ce. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya naɗe, ya ɗaure ƙulli biyu. "Riƙe shi a miƙe, kuma kada ki biya ta gida uwarki ta gani. Ko ƙwaya ɗaya kada ta zube a hanya. Da ƙyar na tara ta."