Keken Fayil na Sashen Maza

Shekara talatin da ɗaya Sista Babba ta yi a sashen maza na asibitin ƙwaƙwalwa, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yarda akwai mahalukin da zai iya ruɗinta ba. Ta ga masu ciwon gaske, waɗanda ke kuka don wata murya tana zaginsu a kunne. Ta kuma ga masu haukan ƙarya da kotu ke turowa, waɗanda kan yi birgima kwana biyu, a na uku yunwa ta dawo da su hayyacinsu. Takan gaya wa sababbin nas-nas cewa likita minti ashirin yake yi da majiyyaci, su kuwa da shi suke wuni, don haka su rubuta abin da idonsu ya gani, su bar wa likita fassara. Wata huɗu ya rage ta yi ritaya, ba a taɓa ba ta takardar gargaɗi ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa tana tinƙaho da hakan.

Ana nan sai aka kawo Injiniya. Bakanike ne, a gareji ya samo sunan. Kotu ta ba asibiti kwana talatin a duba ko da hankalinsa ya yi abin da ya yi, abin kuwa ba shi da daɗin ji. Wan matarsa, wanda suke gareji ɗaya, yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota yana gyara, sauran ma'aikata sun fita cin abincin rana, Injiniya ya zo ya zare jak ɗin da ya tokare motar, ta danne mutumin har lahira. Ya wanke hannu da sabulu, ya bi abokan aiki ya ci abincinsa, har da neman ƙari. Laifin mamacin ɗaya ne: ya ce wa ƙanwarsa ta bar gidan mutumin nan tun kafin a fito da gawarta. Ita ce ta gaya wa 'yan sanda barazanar da mijin ya sha yi, daga nan ta kwashi 'yarta ta koma inda ko danginsa ba su sani ba.

Lauyan Injiniya ya ce wata murya ce ta umarce shi. In asibiti ya yarda da haka, to ba gidan yari za shi ba, nan zai zauna har likitoci su ce ya warke, sannan a buɗe masa ƙofa. Sista Babba kuwa ta san ba ciwon da ke saurin warkewa kamar wanda mutum ba shi da shi. Ranar da aka sallame shi, matar nan zai fara nema.

A sati na biyu matar ta zo, ta ƙofar baya, don likita ya ji tarihin mijin daga bakinta. Siririya ce, ba ta zama ta ba ƙofa baya. Da aka gama, akawun rajista ya ce sai ta rubuta adireshinta a gurbin makusancin majiyyaci. Ta roƙe shi ya bar wurin haka, shi kuwa akawu ya ce fom mai gurbi ba fom ba ne, ofis zai dawo masa da shi. Mutum ne da in ka ce masa gobara ta tashi, sai ya tambaye ka lambar fayil ɗinta. Sista Babba ce ta raba gardamar. Ta dafa kafaɗar matar ta ce, "Rubuta, ƙanwata. Fayil ɗin nan daga hannuna sai hannun likita." Matar ta dube ta, ta ɗauki biro ta rubuta.

A sashen kuwa Injiniya ya zama ɗan gida. Shi ne ba tsofaffi abinci a baki, shi ne raba faɗa, shi ne sanin ranar da ɗan wance zai yi jarrabawa har ya tambayi yadda aka ƙare. Nas-nas suka fara cewa da wuya mutum mai kirki irin wannan ya yi kisa da hankalinsa. Sista Babba ta taɓe baki, don ta riga ta gano shi. Muryar da ke damunsa ba ta zuwa sai Litinin da Alhamis, ranakun da likita ke zagaye. A ranakun zai karkata kai, ya yi ta raɗa da bango, likita na juya baya muryar ta tashi daga aiki. Ta rubuta haka a takardunta, kwanan wata da lokaci, ta kuma ce wa nas-nas ba ta taɓa ganin murya mai bin jadawalin aiki irin wannan ba, ya kamata a fara biyanta albashi.

Likitan matashi ne, mai yawan karatu da yawan tausayi. Wata rana a ofis ya ce mata shi ma bai yarda da batun muryar ba, amma akwai abin da ke hana shi sukuni. Ya gwada mutumin ta kowace hanya, ya tarar ba shi da tausayi ko ƙwaya, ba ya jin ciwon wani, ba ya nadama, kuma da alama haka aka halicce shi. Wanda aka haifa babu ido ba a tuhumarsa don bai gani ba, to wanda aka haifa babu tausayi fa?

Ta ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin albashinta, amma kotu ba ita ta aiko ba. Kotu ta tambaya ko ya san abin da yake yi, ko ya san laifi ne, ko kuma zai iya fasawa. "Likita, wanda bai san laifi ba ne, ba ya jiran mutane su tafi cin abinci. In da ɗan sanda na tsaye a garejin nan, da jak ɗin na nan inda yake. Rashin tausayi nasa ne, Allah ya kyauta. Amma lissafin ma nasa ne." Likita ya ce zai ƙara tunani. Ta fito tana jin daɗin kanta.

To, a nan gizo yake saƙar. Akwai wani keken ƙarfe da ake loda fayilolin majiyyata a tura bayan likita in ana zagaye. Shekara uku ƙafarsa ɗaya na kuka, an rubuta wa ofishin gyara har an gaji. Injiniya ya gyara ta da cokali da ɗan man shafawa, cikin minti biyar. Doka ta hana wanda kotu ta turo ya kusanci fayil, Sista Babba ce ma kan karanta wa sababbi dokar. Amma nas biyu ne a kan mutum arba'in, gwiwarta kuma ta daɗe tana yi mata tsiya. Ran da ya kama hannun keken ya ce, "Mama, kawo in tura miki," sai ta sakar masa. A ranta ta ce ai ta riga ta san shi ciki da bai, mutumin da ka gano me zai yi maka? Daga ranar tura keke ya zama aikinsa. In sun shiga ɗakin wani mai fama, likita da nas suka duƙufa a kansa, keke da mai turawa suna bakin ƙofa. An ba kura ajiyar nama, kuma wadda ta fi kowa sanin kura ce ta ba ta.

A sati na huɗu muryar ta fara zuwa ran Asabar, har da Talata. Sista Babba ta yi mamaki, amma ta rubuta yadda ta gani.

Rana ta ashirin da shida, bayan zagaye, ya turo keken har ƙofar ofishinta, ya jingine shi a tsanake. Ba kowa a barandar. Ya yi murmushin nan nasa da ke sa nas-nas ƙara masa shayi.

"Mama, in kin bi ta layin bayan ma'aikatar ruwa, ki gaishe min da iyalina. Gida na tara, ɗaki na uku."

Ta dafa keken.

"Rubutunki na da kyau," ya ce, "har na Litinin da Alhamis ɗin na karanta. Ni dai ba zan gaya wa kowa wanda ya ba ni keke ba. Wata huɗu ya rage miki, ko? Uwa ba ta tona ɗanta, ɗa ma ba ya tona uwarsa."

Ya juya ya tafi taya wani tsoho neman takalmi. Babu fushi a fuskarsa, babu ƙiyayya. Ita kanta ba komai ba ce a wurinsa, wani ƙarfe ce da ya gwada ya ga inda take kwancewa.

Ta shiga ofis ta zauna. Kunya ce ta fara kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana ɗaliba, sannan tsoro, ba don kanta ba, don matar da ta dafa wa kafaɗa. Cinikin da ya kawo a fili yake: ta sassauta rubutunta, shi ya yi shiru, ta fita da sunanta fes. Ba ta ɓata minti goma a kansa ba. Abin da ya faɗa yanzun nan ya fi duk Litinin da Alhamis ɗinta nauyi a gaban alƙali, don mutumin da ya gyara keke domin ya kai ga fayil, ya haddace adireshi, ya san ranar ritayarta, ba murya ce ke jansa ba. Sai dai ba yadda za a rubuta wannan ba tare da an rubuta wadda ta sakar masa keken ba.

Ta jawo takarda. Ta sa kwanan wata da lokaci, ta rubuta maganarsa kalma da kalma. A ƙasa ta rubuta cewa ita, babbar nas ta sashen, ita ta ba shi izinin tura keken fayil tun rana ta goma sha biyu, tana sane da dokar da ta hana. Ta sa hannu. Ta kai wa likita, ya karanta sau biyu, ya ce mata wannan takarda za ta kai ta gaban kwamitin ladabtarwa. Ta ce ta sani, ta zauna a kwamitin nan sau huɗu, ta san ma kujerar da ake ba mai laifi. Ta sa aka kulle fayiloli, aka hana Injiniya baƙi da waya, aka sanar da ɗan sandan da ke riƙe da shari'ar. Sannan ta ɗauki jakarta, don akwai saƙon da ba a aikawa.

Da la'asar ta isa gida na tara. Matar ta leƙo ta taga kafin ta buɗe. Sista Babba ba ta zauna ba, ba ta kuma yi kwana-kwana ba. Ta ce mata mijinta ya san inda take, a fayil ya gani, kuma laifinta ne ita da ta yi alkawari. Yana kulle, amma yana da ƙanne da abokai da ke jin maganarsa, kuma ba ta san wa ya riga ya gaya wa ba. Gara ta tashi yau.

Ta shirya wa zagi, ta ma fi son a zage ta. Matar ta matsa daga bakin ƙofa. A cikin ɗakin katifa ce a ƙasa, sai jakunkuna uku a ɗaure jikin bango, yarinyar na zaune a kan ɗaya tana aikin makaranta. Wata biyar suna ɗakin, ba a kwance jaka ko ɗaya ba.

"Za ki faɗa a kotu?" matar ta tambaya.

"Zan faɗa. Na riga na rubuta, da sunana a ƙasa."

Matar ta gyaɗa kai, ta fara naɗe katifa. "Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa mutane halinsa," ta ce. "Babata ta ce in yi haƙuri, maƙwabta suka ce ban san darajar miji ba. Yayana kaɗai ya yarda, kin ga inda yake. Ke ce ta biyu, Sista. Ke ma sai da ya taɓa ki."

Sista Babba ta sunkuya ta ɗauki jakar da ta fi nauyi, gwiwarta na ƙara, ta tambayi matar ta wace ƙofa za su fita.