A Kan Kunya

Auta ta ɗaga gidan sauro ta tarar da gado wayam. Matashin kai na nan da shatin kansa, bargo a ninke tsaf yadda ya saba ninkewa, amma babu Baba. Ta waiga ta dubi ƙofa. Cokula ukun da ta ɗaura a jikin sakata don su yi ƙara idan an taɓa, ga su can a jere a kan taga. Mutumin da ya manta sunayen jikokinsa bai manta yadda ake kwance ƙulli ba.

Ba cokulan ne suka tsinka mata zuciya ba, takalman ne. Suna nan a bakin ƙofa, baƙaƙe, suna ƙyalli. Shekara talatin da biyar Baba yana akawun kotu, ba wanda ya taɓa ganin tafin ƙafarsa a ƙasa. Su Auta sun sha rankwashi a kan wasa da taɓo suna yara. Ko da ciwon mantuwar nan ya kama shi, yakan manta ya ci abinci, amma ba ya manta goge takalmi. Yau ya fita babu su.

"Inna! Inna!"

Matar gidan tana tsakar gida tana baza shinkafa a kan tabarma. Ita da mijinta ke da masaukin: ɗakuna uku na ƙasa da rufin ciyawa, randa a kowace ƙofa, gonakin shinkafa ta ko'ina iya ganin ido. Mutanen birni kan zo su kwana biyu, su ci abin da gida ya ci, su ɗauki hoto da balbela su koma. Likita ne ya ce a kai Baba inda babu hayaniya, Auta ta ga gidan a waya ta ce an samu. Yayanta kuwa cewa ya yi, "Mutumin da ke ɓacewa a layinmu shi za ki kai daji? In wani abu ya same shi, ke kika sani." Ta ce ta ji ta gani. Jiya suka sauka, kuma bayan sallar asuba barci ya sace ta.

"Inna, kin ga Baba?"

"Ba ya ɗaki?"

"Ba ya nan. Ya fita ba takalmi."

Inna ba ta dubi Auta ba, rana ta duba. Sannan ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali, irin ajiyewar da ta fi faɗuwa ban tsoro.

"Yau Laraba," in ji ta. "Yau ranar ruwanmu ce."

Ta yi bayani da sauri tana ɗaura zani. Sau biyu a mako ake sako musu ruwa daga madatsa ta babbar magudana, wadda aka yi da siminti, zurfinta ya fi tsawon mutum. Sauran ranaku a bushe take, har mutane sun mai da ita hanya don ta fi sauƙin bi. Kafin a buɗe, akan buga ƙarfe sau uku, da ɗan jinkiri tsakani. Ɗan gari in ya ji na farko sai ya haye. Baƙo kuwa... Inna ba ta ƙarasa ba. Ta ƙwala wa mijinta kira, ya fito yana tauna asuwaki, ya ji kalma biyu ya tofar ya hau babur.

"Zai je ya ce kada a buɗe," in ji Inna. "Amma hanyar babur zagaye ce."

"Masu buɗe ruwan ba su da waya?"

"Suna da ita, 'yata. Sabis ne ba mu da shi."

A daidai nan ƙarfen ya yi ƙara daga nesa. Ƙwal! Sau ɗaya, siriri, kamar ba komai ba.

Auta ta zuba a guje ta ƙofar baya. Inna na bayanta tana ihu, "Ki bi kunya! Kada ki sauka daga kan kunya!" Auta ta tsaya tana zare ido. Wace irin kunya kuma, ubanta na cikin rami? Sai da Inna ta nuna mata da hannu ta gane: siririn tudun ƙasar nan da ke raba gona da gona, shi ake nufi. Faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ga santsi, ga raɓa. Taku goma ta yi ta zame, ƙafar dama ta nutse cikin laka har gwiwa. Da ta zaro ta, takalmin ya zauna a can. Ta bar shi ta ci gaba tana ɗingishi.

Ko'ina kore, ko'ina iri ɗaya. Jiya da yamma ta tsaya a nan tana cewa kai, Allah ya yi halitta. Yau ta tsani kowane kara. Shinkafar ta kai ƙugu, mutum zai iya kwanciya a ciki taku biyar daga inda take ba ta gan shi ba.

"Baba! Baba!"

Kwaɗi kawai suka yi shiru.

Can ta hango wata mata tana jan igiya mai gwangwanaye tana korar tsuntsaye. Auta ta isa gare ta ko gaisuwa babu.

"Baiwar Allah, kin ga wani tsoho da farar riga?"

"Mai jar hula? Na gan shi mana, har muka gaisa. Ya tambaye ni ko tsuntsayen janbaki sun dame mu bana. Na ɗauka ɗan'uwan mai masaukinku ne."

"Ina ya yi?"

"Ya sauka ta matakala." Matar ta nuna wajen magudana, sai kuma ta saki igiyar ta dafe ƙirji. "Wai ba ɗan gari ba ne?"

Ƙwal! Na biyu.

Yadda Auta ta kai bakin magudanar ita ma ba za ta iya faɗa ba. Ta leƙa. Bango biyu na siminti a tsaye, sumul, babu wurin kamawa, matakala ɗaya a nan, wata sai can inda ido ke ƙarewa. A ƙasa, a kan danshin yashi, ga sawun ƙafa tsirara, manya, yatsu a baje, sun nufi gabas. Ba ta taɓa ganin sawun ubanta ba, amma ta san shi ne. Ta bi gefen bangon a guje tana kiransa, muryarta na dawo mata. Addu'ar da ta zo bakinta ta yi, wadda ba ta zo ba ta haɗa da kuka. Ta ce Allah in ka dawo mini da shi ba zan ƙara runtsawa ba. Tana jin maganar Yaya a kunnenta, ke kika sani, ke kika sani.

Ta kasa kunne ko za ta ji babur. Ƙarfe ta ji, na uku. Mijin Inna bai kai ba.

Da farko iska ce mai sanyi ta biyo ramin. Sannan wani gurnani, sannan ruwan kansa, ja, yana turo ciyawa da robobi a gaba. A gaban idonta ya shafe sawun ɗaya bayan ɗaya, kafin ta ƙifta ya kai rabin bango. Ta durƙusa tana kallon duk abin da ruwan ya kawo, kowace farar leda sai gabanta ya faɗi.

Ruwan ya fara rarrabuwa ta ƙananan kwatoci yana shiga gonaki. Ta miƙe ta bi ɗaya, don ba ta san abin da za ta yi ba in ba tafiya ba. A gona ta uku ta gan shi. Farar rigar da ta goge masa shekaranjiya, kife a cikin ruwa, hannuwa a buɗe. Jar hular tana juyawa a gefe.

Ihun da ta yi ya tashi tsuntsayen gona biyar. Ta faɗa ciki, kunyar ta rufta a ƙarƙashin ƙafarta, ta kutsa tana tattake shinkafa, ta cafki wuyan rigar da hannu biyu ta ja da duk ƙarfinta. Sai ta faɗi zaune. Abin ba nauyi. Kara biyu ne aka gicciya aka ɗaure da ciyawa, aka zura musu riga. Mutum-mutumi ne na korar tsuntsaye, ruwa ya kayar.

"Ke! Wace ce wannan take tattake wa mutane shinkafa?"

Ta san muryar. Da ita ake kiran shaidu a kotu, da ita ake kiran su Auta in sun yi laifi. Wata shida ke nan ba ta ji ta da ƙarfi haka ba.

Baba ne tsaye a kan kunya, daga shi sai singileti, wando a naɗe har gwiwa, laka har gwiwar hannu. Yana tsaye a kan ɗan siririn tudun nan kamar a tsakar ɗakinsa.

"Baba! Ba ka cikin magudana?"

"Da ranar ruwa? An buga ƙarfe ina ji, kurma ne ni?" Ya tsuke baki ya dubi inda ta rusa, ruwa na ta kwarara gonar maƙwabci. "Dubi aikinki. Da gani ba ki san kunya ba."

Ya tsuguna, ya kwarfo laka da hannu biyu, ya haɗa da ciyawa, ya danna a ɓarakar, ya taka da diddige, ya shafe da tafin hannu. Sau uku ya yi haka ruwan ya tsaya cak. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ko gezau. Auta na zaune cikin ruwa rungume da riga tana kallo. Sau ɗaya tak ta taɓa jin wata gwaggonsu ta ce a gonar shinkafa aka haifi Baba, ya daka mata tsawa, ba a sake tayar da maganar ba. Ashe shekara da shekaru kunyar wannan kunya yake ji.

"Ɗauko mutumin nan ki kafa shi da kyau," in ji shi. "In janbaki suka sauka, babanmu ba zai ji bayani ba."

Ta kafa. Ya gyara wa mutum-mutumin hula, ya ja baya ya duba, ya gamsu. Sannan ya juyo ya ƙare mata kallo, irin kallon da ake yi wa baƙo, da fara'a da tausayi. Ta jira ya ce Auta. Ko a ranakun da ya fi rikicewa, sunanta ne na ƙarshe da ke rage masa.

"Kuka kike yi a kan faɗuwa? Kowa ya faɗi da farko. Baƙuwar gidan can ce ke?"

Wani tsoron ya shige ta, ba irin na ɗazu ba. Wannan ba shi da gurnani, kuma ba babur ɗin da za a tura a ce a dakata. Ta share fuska da bayan hannu, ta ƙara shafa wa kanta laka.

"E, baƙuwa ce."

"'Yar wane ce ke?"

"'Yar wani akawun kotu."

"Ai na gani." Ya girgiza kai. "Allah sarki. Mutanen nan ba sa koya wa 'ya'yansu komai. Cire ɗayan takalmin, ki kafa yatsunki a ƙasa. Yauwa. Riƙe hannuna, kada ki kalli ruwa, ki kalli inda nake takawa."

Ta cire takalmin ta bar shi a kan kunya. Ta riƙe hannunsa gam, ya wuce gaba, ta bi sawunsa.