Sallamar Tsohon Tela

"Ba nan ba ne gidansa!" Gwaggo mai ƙanƙara ta ɗaga murya, amma motar asibitin ta riga ta sha kwana.

Tsohon tela na tsaye a ƙofarta, takalmi ƙafa ɗaya, leda a hannu. Shekara talatin ke nan da ya sayar wa marigayi mijinta gidan nan, yanzu a ƙarshen layi yake wajen 'yarsa. To, mutumin da kansa ya juye har yake kiran jikarsa Inna, shi aka tambaya ina ne gida, shi kuwa ya nuna.

Ko sallama bai yi ba. Ya shige, ya sunkuya daidai inda a da akwai igiyar shanya, ya zauna a kujerar falo.

Gwaggo ta buga wa 'yarsa waya. Ashe tana can asibiti da kwanon abinci, tana kallon gado wayam.

"Wai sun yi masa bayanin magani ya ce to! Gwaggo, Baba ko bango ya yi magana to zai ce. Duba ledar."

Ta duba. Katin ƙwaya biyu, duk ramukan a fashe.

"Baba tela, guda nawa ka sha?"

"Ɗaya suka ce," ya amsa da ladabi. "Ɗaya na sha." Yana faɗa yana laluben wata.

'Yar ta ƙwala ihu ta waya: "Na shiga uku! Kada ki bari ya yi barci, ga ni nan da likita!"

Hana mutum barci kuwa, ai an zo gidan. Gwaggo ta ja kujera ta kwance bakin jakar tsegumi: matar mai gyaran rediyo da ta yi yaji saboda fanka, malamin makarantar da ke rina gemu. Tsoho ko gezau, ido na lumshewa. Bai san kowa cikinsu ba.

Sai ta koma kan matattu.

"Ka tuna direban nan mai haƙorin zinariya, da ya kawo maka wandon aro ka rage?"

Ya buɗe ido ya yi dariya. "Ɗan banza! Ai ga shi nan."

Ba ita yake kallo ba, bayan kafaɗarta yake kallo. Rana tsaka ce, amma ta ƙi waiwayawa. Duk wanda ta ambata, sai ya ɗaga kai ya gaishe shi, yana matsawa gefe kamar falon na cika.

"Saura matar gidan," ya ce. "Kira ta."

Marigayiya matarsa yake nufi. Gwaggo ta san sunan sarai, ta haɗiye shi.

"Bari," ya ce, "ta ma shigo."

Ƙafarsa ta dama ta fara taka keken ɗinkin da babu, sama da ƙasa, a hankali. Ana buga ƙofa da ƙarfi lokacin da diddigen ya sauka kan tabarma ya tsaya.